Yagewar Guringuntsin Kwatangwalo: A Yi Tiyata Ko A Tsaya Ga Fisiyo?

Wasiƙun da suka shigo filin nan a wannan karon yawancinsu kan ciwon gaɓar kwatangwalo ne, kuma kusan duk abu guda suke tambaya: a shiga ɗakin tiyata ko a tsaya ga likitan fisiyo, wato mai gashin ƙashi da atisaye, kuma nawa abin zai ci. Likitan ƙashi da likitan fisiyo ne suka haɗu suka amsa. An taƙaita wasiƙun, an kuma cire sunaye.

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 26, ina buga ƙwallo a wata ƙaramar ƙungiya a Kaduna. Wata bakwai ke nan ina jin ciwo a matsematsina na dama, musamman in na daɗe a zaune ko na yi juyi da gudu. Hoton MRI ya nuna guringuntsin bakin gaɓar ya yage, kuma akwai ƙarin ƙashi a wuyan ƙashin cinyata. Wani likita ya ce tiyata, wani ya ce fisiyo. Wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Babu wanda ya kauce hanya a cikinsu. Abin da ya raba su shi ne wanne za a fara, kuma a irin halin da ka kwatanta, da fisiyo za mu ce ka fara.

Gaɓar kwatangwalo kan ƙashin cinya ne mai siffar ƙwallo, zaune cikin wani gurbi a jikin ƙashin ƙugu. Guringuntsi iri biyu ne a wurin, kuma mutane kan cakuɗa su. Na farko shi ne mai santsi da ya lulluɓe kan ƙashin da cikin gurbin, kaurinsa milimita 2 zuwa 3 ne a yawancin wurare. Jini ba ya ratsa shi, shi ya sa in ya zaizaye ba ya komawa yadda yake. Na biyu zobe ne mai tauri da ya kewaye bakin gurbin, likitoci na ce masa labram. Aikinsa irin na robar da ke bakin murfin filas ne: ya toshe gaɓar, ya riƙe ruwan da ke cikinta, ya ƙara wa gurbin zurfi. Shi yana da jijiyoyin jin zafi, amma jini bai cika wuce gefensa na waje ba, don haka in ya yage ba kasafai yake haɗewa da kansa ba. Naka ke nan.

Tudun ƙashin da aka gani kuwa yakan fito ne a shekarun tasowa, musamman ga yaran da suka sha atisayen ƙwallo kafin ƙashinsu ya gama girma. Duk sanda ka naɗo cinya zuwa ciki ka murɗa ta, tudun sai ya cusa kansa bakin gurbin, ya matse labram, ya dinga ɓamɓare guringuntsi mai santsi daga jikin ƙashi. Wani likitan Suwizalan, Reinhold Ganz, da abokan aikinsa ne suka fito da bayanin wannan matsewa a 2003.

Sai dai hoto ba shi ne hukunci ba. A 2012 wasu likitoci a Amurka sun ɗauki hoton MRI na mutum 45 da ba sa kukan komai a kwatangwalo, suka sami yagewar labram a kusan bakwai cikin goma. Tudun ƙashin ma haka, 'yan wasa da yawa na ɗauke da shi kuma lafiyarsu ƙalau. Wannan ne ya sa masanan da suka taru a Warwick ta Ingila a 2016 suka ce ba za a kira abin cuta ba sai abu uku sun haɗu: ciwon da mutum ke ji, abin da likita ya gano da hannunsa, da abin da hoto ya nuna. A gwajin hannu, likita zai kwantar da kai rigingine, ya lanƙwasa cinyar zuwa digiri 90, ya tura gwiwar wajen ɗaya ƙafar, ya murɗa ta ciki. In ciwon bai taso ba, da wuya a ce matsewa ce. In ya taso, alama ce kawai, don ciwuka da yawa na amsa wannan gwaji. Abin da ya fi raba gardama shi ne allurar kashe zafi da ake yi cikin gaɓar kanta, ana kallo da sikanin ko eksire. In ciwon ya ɗauke na 'yan awoyi, daga cikin gaɓar yake fitowa. In bai ɗauke ba, a bincika tsokokin matsematsi, da ƙaba, da ƙashin baya. Ɗan ƙwallo kan haɗa biyu lokaci guda, kuma ɗinke labram ba ya warkar da tsokar da ta ji rauni.

Binciken da ya fi girma wajen gwada hanyoyin biyu gaba da gaba a Birtaniya aka yi shi, aka buga a mujallar Lancet a 2018. Mutum 348 aka raba ta hanyar ƙuri'a, wasu tiyatar kyamara, wato wadda ake yi ta ƙananan ramuka ana kallon cikin gaɓar da kyamara, wasu fisiyo da aka tsara wa kowa nasa. An auna lafiyar kwatangwalonsu da ma'aunin da ke tashi daga 0 zuwa 100. Bayan shekara guda, waɗanda aka yi wa tiyata sun tashi daga kusan 39 zuwa 59, na fisiyo daga kusan 36 zuwa 50. Da aka daidaita lissafi, tazarar maki 6.8 ce, alhali mafi ƙarancin tazarar da majiyyaci zai ji a jikinsa 6.1 ce. Wato tiyata ta ci, amma da ƙyar ta haye layi. Ka kuma dubi 59 ɗin nan da kyau, ba 90 ba ce. Wani binciken na Ingila mai mutum 222 da ya fito a 2019 shi ma ya ba tiyata rinjaye, da maki 10 bayan wata takwas. Amma ko a nan, kusan rabin waɗanda aka yi wa aikin ne suka ji sauƙi na a zo a gani, a ɓangaren fisiyo kuma kusan ɗaya cikin uku. Na sojojin Amurka mutum 80 bai ga bambanci ba bayan shekara biyu, sai dai yawancin waɗanda aka tura fisiyo sun koma sun yi tiyata daga baya, abin da ya dagula lissafin.

Fara fisiyo ba ya rufe ƙofar tiyata, tiyata kuwa in an yi ba a warwarewa. Ƙarfin da ka tara kafin aiki ma shi zai ɗauke ka bayansa. Kuma kada kowa ya tsorata ka da cewa in ba a yi yanzu ba gaɓar za ta lalace, don har yau ba a tabbatar tiyatar na hana zaizayewar gaɓa ba. Ka ba fisiyo wata uku zuwa shida. In ka yi shi yadda ya kamata, ƙarfi ya ƙaru amma ciwo na nan, eksire ya nuna sararin gaɓarka bai tsuke ba, allurar gwaji kuma ta ɗauke ciwon, to kai ne irin mutumin da tiyata ta fi yi wa rana. A nan kada ka yi ta jan ƙafa: waɗanda suka haura shekara biyu da ciwon kafin a yi musu aiki ba su cika samun sakamako mai kyau kamar na sauran ba.

Wanda ba ya jira shi ne wanda gaɓarsa ta goce a hatsarin mota ko babur, aka mayar, sannan hoto ya nuna ɓallin ƙashi ko guringuntsi na yawo a ciki, ko gaɓar na cijewa ta ƙi motsi. Wannan cire ɓallin ake yi.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce a Gusau, shekarata 38. An ce labram ɗina ya yage. Na je gashin ƙashi sau goma, ana haska min fitila mai zafi, a shafa man zafi, a manna min na'ura mai tsirawa kamar lantarki. Ina jin daɗi a ranar, washegari ciwo ya dawo. Fisiyo ya gaza ke nan?

Amsa: Malama, ba ki fara ba tukuna. Fitila da tausa da waccan na'ura suna kwantar da ciwo na awoyi, ba sa ƙara wa tsoka ƙarfi, kuma ƙarfin tsoka shi ne maganin. A binciken Birtaniya da muka ambata, zama 6 zuwa 10 aka yi cikin mako 12 zuwa 24, amma yawancin aikin a gida majiyyaci ke yin sa. Manufar ba haɗe yagewar ba ce. Ana so ne tsokokin mazaunai da na ciki da na cinya su riƙe kan ƙashin a tsakiyar gurbinsa, a kuma daina kai gaɓar inda take matsewa.

Matakin farko shi ne rage abin da ke tsokano ciwon na mako huɗu zuwa shida. Tsuguno mai zurfi, tanƙwashe ƙafa a tabarma, zama a kujerar tsuguno wajen girki ko wanki, ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, da doguwar tafiya a adaidaita sahu inda gwiwa ke fin ƙugu tsawo, duk suna kai cinya inda tudun ke bugun labram. Ki zauna inda ƙugunki ya ɗan fi gwiwa tudu, ki tashi ki taka duk bayan minti 30 zuwa 40. In banɗakin gida na tsuguno ne, a samo kujerar banɗaki a ɗora. Da dare ki sa matashi tsakanin gwiwoyi.

Atisayen farko huɗu ne. Ki kwanta rigingine, ki kafa tafin ƙafa a ƙasa, ki ɗaga mazaunai har jiki ya miƙe daga kafaɗa zuwa gwiwa, ki riƙe sakan 5, ki sauke. Sau 10 zuwa 12, zagaye uku. Ki kwanta ta gefe, ƙafa mai ciwo a sama a miƙe, ki ɗan ja ta baya, ki ɗaga ta kamar taku ɗaya da rabi daga ƙasa. In kin ji aikin a gaban cinya maimakon gefen mazaunai, ƙafar ta zamo gaba ne. Ki sa ƙwallo ko matashi tsakanin gwiwoyi ki matse sakan 10, sau 10. Ki tsaya da ƙafa ɗaya gaban madubi sakan 30, kina lura kada ƙugun ɗaya gefen ya faɗi. Kwana uku zuwa huɗu a mako. Daga mako na huɗu ko na shida ake ƙara nauyi: ɗaga mazaunai da ƙafa ɗaya, takawa gefe-gefe da roba ɗaure sama da gwiwa, saukowa a hankali daga matakala mai tsayin santimita 10 zuwa 15 ba tare da gwiwa ta karkata ciki ba, da keken motsa jiki da aka ɗaga sirdinsa sama, minti 10 zuwa 20.

Ƙa'idar ciwo ita ce: in kin auna shi daga 0 zuwa 10, kada ya wuce 3 lokacin atisaye, kuma ya koma yadda yake cikin awa 24. In ya wuce haka, ki rage yawan, ba ki daina ba.

Abu uku ne ke kashe wannan shiri. Na farko, miƙa jiki da ƙarfi. Mutum ya ji gaɓar ta riƙe, sai ya dinga jawo gwiwa zuwa ƙirji da tsiya, alhali abin da ya tokare ƙashi ne, ba tsoka ba. Ƙashi ba ya miƙuwa, labram ɗin ne ke shan matsa. Na biyu, tsayawa kan atisaye mai sauƙi wata da watanni ba a ƙara nauyi. Na uku, dainawa a mako na uku, alhali tsoka kan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin ta yi ƙarfin da za a gani. Ki koma wurin likitan fisiyo mai rajista ki nemi rubutaccen tsari, a auna ƙarfinki yau, a sake aunawa bayan mako shida.

Tambaya: Ƙanena direban tifa ne, shekararsa 31. An ce tiyatar kyamara za a yi masa a kwatangwalo, wani ya haɗa mu da asibiti a Indiya, wani a Masar. Muna shirin sayar da filin gado. Ta yaya za mu san ainihin kuɗin, kuma ya cancanta?

Amsa: Malam, a dakata da maganar filin tukuna. A binciken Birtaniya na 2018, tiyatar ta ci wa hukumar lafiyar ƙasar fam 3,042 kan kowane majiyyaci, fisiyo kuma fam 155. Kusan ninki 20 ke nan, don samun waccan tazarar ta maki 6.8, kuma masu binciken da kansu suka ce in shekarar farko kaɗai za a duba, ribar ba ta kai kuɗin ba. Adadin na can ne, amma dalilin tazarar ɗaya ne a ko'ina: fisiyo lokacin ma'aikaci ake saya, tiyata kuwa ɗakin aiki ne da na'urori da kayan da ake jefarwa bayan amfani ɗaya. Ga mu nan abin ya fi ciwo, don kayan duk daga waje suke zuwa, farashinsu na bin dala.

Kuɗin da aka faɗa muku a waya yawanci na aikin ne kawai. Ku nemi rubutaccen lissafi, ku duba ko ya haɗa da kuɗin likitan barci, gwaje-gwajen jini, kwanan asibiti, magunguna, sanduna, da ƙananan ƙusoshi masu zare da ake kafawa a bakin gurbin don ɗinke labram. Yawanci 2 zuwa 4 ake sawa, kowanne da kuɗinsa, kuma sai an shiga ake sanin adadin. Ku tambaya: in an shiga aka tarar guringuntsi mai santsi ya ɓamɓare har ƙashi, me za a yi, nawa zai ƙaru? In an sami matsala cikin wata guda, wa zai biya?

A kan wannan sai ku ɗora biza da tikitin mutum biyu, masauki da abinci na aƙalla mako biyu zuwa uku, da tafinta in ana bukata. Doguwar tafiyar jirgi jim kaɗan bayan aikin ƙafa na ƙara hatsarin daskarewar jini a jijiya, don haka ba a gaggawar dawowa. Sannan ga kuɗin da aka fi mantawa da su, guda biyu. Fisiyon bayan tiyata wata uku zuwa shida ne. Wato mai tiyata bai tsallake kuɗin fisiyo ba, ƙari ya yi a kai. Sai zaman gida. Ma'aikacin ofis kan koma cikin mako biyu ko uku, amma direban babbar mota, birkila, ɗan acaɓa ko manomi sai ya lissafa wata uku zuwa huɗu ba shigowar kuɗi. Ku ninka abin da ƙanenku ke samu a wata sau huɗu ku sa a lissafin. Manomi kuwa, in za a yi, a yi bayan kaka, kada damina ta same shi a kan sanda.

Kafin komai, ku ɗauki faifan MRI ɗin kansa, ba takardar rahoto kaɗai ba, ku kai wa wani likitan ƙashin da ba shi da riba a tafiyar. Akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, akwai asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri. In yana da inshorar lafiya, a tambayi kamfanin a rubuce abin da zai ɗauka daga hoto, zaman fisiyo da kayan aiki, a kuma karɓi izini kafin a yi, ba bayan an yi ba. Duk wanda zai yi aikin, nan ko waje, a tambaye shi kwatangwalo nawa yake yi a shekara. Tiyatar kyamara ta kwatangwalo ta fi ta gwiwa wuyar koyo nesa ba kusa ba, kuma ƙwarewa a ɗaya ba ta nufin ƙwarewa a ɗayar. Mai haɗa ku da asibitin waje, in kamasho yake karɓa, ba shi ne zai gaya muku a jira ba.

In ƙanenku bai yi wata uku na fisiyo na gaske ba, wannan ne abin da za ku fara saya. In har tafiyar ta kama, kada ku baro asibitin ba tare da rahoton aikin, hotunan cikin gaɓar, da rubutaccen tsarin fisiyo ba. Da su likitan gida zai ɗora.

Tambaya: Shekarata 57, ɗan kasuwa ne a Maraɗi. Hoto ya nuna labram ya yage, kuma an ce gaɓar ta fara cinyewa. 'Ya'yana na son a yi min tiyatar kyamara tunda ƙaramin aiki ne.

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Ƙanƙantar rami ba ta nufin aikin ya dace da kai. Abin da za a fara dubawa ba MRI ba ne, eksiren ƙugu ne da aka ɗauka kana tsaye. In sararin da ke tsakanin kan ƙashin da gurbinsa ya tsuke zuwa milimita 2 ko ƙasa da haka, guringuntsi mai santsi ya riga ya tafi, yagewar labram kuwa ɗaya ce daga alamomin tsufan gaɓar, ba ita ce tushen ciwon ba. Masu irin wannan hoto, in an yi musu tiyatar kyamara, da yawansu kan ƙare a sauyin gaɓa, wato a cire ta a sa ta wucin gadi, cikin 'yan shekaru, sun biya sau biyu ke nan. Andy Murray, ɗan wasan tenis na Birtaniya, an yi masa aikin kwatangwalo a Janairun 2018, ciwon bai bar shi ba, sai da aka lulluɓe gaɓar da ƙarfe a Janairun 2019. Ba kuɗi ya rasa ba, ba likita ya rasa ba.

Abin da ya fi maka yanzu: atisayen ƙarfafa tsoka, rage ƙiba in akwai, da riƙe sanda a hannun da ke ɗaya gefen, ba gefen ciwon ba. Ranar da ciwo ya fara hana ka barci, ko tafiya masallaci da sa takalmi suka gagara, sai a yi maganar sauya gaɓar gaba ɗaya. Wannan aiki ne da aka daɗe da sanin amfaninsa. Wani nazari da Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan 58 cikin 100 na gaɓoɓin da aka sa suna kai shekara 25. Ka adana kuɗin don shi.

Akwai wani rukunin da shi ma tiyatar kyamara kaɗai ba ta yi masa: waɗanda aka haifa da gurbi marar zurfi, yawanci mata. Su labram ɗin ne ke ɗauke da nauyin da ƙashi ya kamata ya ɗauka, in an ɗinke ba a gyara gurbin ba sai ya sake yagewa, in kuma an yanke shi gaɓar ta ƙara sakwarkwacewa. Aikinsu daban ne, ana yanka ƙashin ƙugu a juya gurbin.

Tambaya: 'Yata mai shekara 19 tana da sikila. Ta fara ɗingishi, tana kukan matsematsi. Eksire bai nuna komai ba, aka ce wataƙila guringuntsi ne, ta je fisiyo.

Amsa: Hajiya, a mai sikila, ciwon matsematsi da ɗingishi ana ɗaukarsa mutuwar kan ƙashin cinya ne har sai an tabbatar ba shi ba ne. Ƙwayoyin jinin kan toshe ƙananan hanyoyin da ke ciyar da kan ƙashin, ƙashin da ke ƙarƙashin guringuntsi ya mutu, daga baya ya rufta. A farkonsa eksire kan fito lafiya lau, MRI ne ke gani, kuma a ɗauki gefe biyun, don yakan kama duka. Wannan hoton kuɗinsa bai tafi a banza ba.

In an kama kafin ƙashin ya rufta, ana rage masa nauyi da sanduna, a yi fisiyo, wani lokaci a huda ƙashin don rage matsin da ke ciki. Wani ƙaramin bincike a Amurka kan masu sikila a 2006 bai ga hudawar ta ƙara komai a kan fisiyo kaɗai ba, don haka ki tambayi dalili in an ba da shawararta. In ya rufta, sauyin gaɓa ne. Kowace tiyata a mai sikila sai da likitan jini a kusa, a tanadi jini, a kula da ruwa da ɗumi da iska, kuma wannan ma kuɗi ne da za a sa a lissafi.

Irin wannan mutuwar ƙashi kan sami masu shan ƙwayoyin ƙiba irin su deksametason na tsawon lokaci. In kuwa ciwon ya zo da zazzaɓi, ko 'yarki ta kasa taka ƙafar sam, a tafi asibiti a ranar. Ƙwayar cuta in ta shiga gaɓa, cikin kwanaki take cinye guringuntsi.

Tambaya: An sa min ranar tiyatar kyamara bayan na yi wata biyar ina fisiyo. Me za a yi min, me zai iya lalacewa, kuma yaushe zan koma sujada da zaman tahiya?

Amsa: Za a sa ka barci, a ɗaure ƙafar a wani gado na musamman a ja ta har gaɓar ta buɗe kamar santimita ɗaya. Ta ramuka biyu ko uku, kowanne kamar santimita ɗaya, ake shigar da kyamara da kayan aiki. A ɗinke labram a jikin bakin gurbin, ko a gyare gefen da ya tsattsage in ba ya ɗinkuwa, sannan a saki ƙafar a goge tudun ƙashin, a rufe jakar gaɓar. Yawanci awa ɗaya da rabi zuwa biyu ne, a kwana ɗaya ko a koma gida a ranar.

Matsalar da aka fi gani daga jan ƙafar take: dindiris a matsematsi, al'aura ko tafin ƙafa, wanda kan wuce cikin kwanaki ko makonni. Shi ya sa ake ƙoƙarin kada jan ya haura awa biyu. Gefen cinya ma kan yi dindiris in rami ya taɓa jijiyar fata. Abin da ya fi mayar da mutane ɗakin tiyata karo na biyu shi ne tudun da ba a goge ya isa ba. In kuma an zarce, wuyan ƙashin kan yi rauni har ya karye, ko da yake wannan ba kasafai ba ne. Akwai mannewar tabo a cikin gaɓar ga wanda bai motsa ta da wuri ba, da tsirowar ƙashi cikin tsoka, wanda don hana shi ake ba da magani irin naproksen na 'yan makonni. Kumburin ƙwauri mai zafi, numfashi sama-sama, zazzaɓi ko ruwa daga ramin, duk na komawa asibiti ne nan take.

Sanduna mako biyu zuwa huɗu. In an tarar guringuntsi mai santsi ya ɓamɓare aka huhhuda ƙashin don ya tsiro da madadinsa, sai mako shida zuwa takwas, kuma abin da ke tsirowa bai kai na asali ƙwari ba. Gudu wajen wata na uku ko na huɗu, wasa wata huɗu zuwa shida, wani har fiye.

A makonnin farko ba a so cinya ta lanƙwashe fiye da digiri 90 ko ta murɗe, sujada da zaman tahiya kuwa duk sun wuce nan. Ka yi salla a kujera mai tudu. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari ya ba marar lafiya damar yin ta a zaune in tsayuwa ta gagara, ko a kwance ta gefe. Yawanci bayan mako shida ake fara gwada sauka ƙasa, sujada kan riga zaman tahiya dawowa, tsuguno cikakke kuma shi ne na ƙarshe. Likitan da ya ga cikin gaɓar shi zai sa ranar.

Tambaya: Mai ɗori zai iya gyara yagewar labram? Allurar cikin gaɓa da ƙwayoyin gina guringuntsi fa?

Amsa: Babu karaya, babu gocewa, don haka babu abin ɗorawa, gaɓar na can ƙarƙashin tsoka mai kauri inda hannu, ƙaho ko sakiya ba sa kaiwa, ja da murɗa kuma ƙara yagewar suke yi. Ƙwayoyin gulukosamin ba sa haɗe labram. Allurar da ake tacewa daga jinin mutum a mayar masa tana da tsada, hujjarta a kwatangwalo kuma ba ta da ƙarfi.

Farasitamol giram ɗaya sau uku a rana ya isa farawa, kada a wuce giram 4. Ibuprofen miligiram 400 bayan abinci na mako ɗaya ko biyu na taimakawa, ban da mai olsa, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu. Haɗin kemis da ke cakuɗa diklofenak da ibuprofen da piroksikam a ƙulli ɗaya bai fi ɗayansu kashe ciwo ba, ciki da ƙoda yake ci. Allurar sitiroyid a cikin gaɓa kan ba da sauƙin makonni, wanda zai iya ba mutum damar fara atisaye, amma sai da sikanin ko eksire ake yin ta, tana ɗaga sukarin mai ciwon suga na 'yan kwanaki, kuma maimaita ta akai-akai na cutar da guringuntsin. In akwai shirin tiyata, a bar aƙalla wata uku tsakanin allurar da ranar aiki, saboda hatsarin shigar ƙwayar cuta.